Layi Ɗaya

Ta ajiye 'yar robar fitsarin a kan teburin mai awo a asibiti da hannu biyu, kamar mai ajiye ƙwai. Da kanta ta tsaya a ƙofar banɗaki da safe har ɗanta Auta ya miƙo, yana ƙunƙuni.

Tun da ya karye a kan babur aka ɗora shi kan maganin kashe zafi, yaron bai dawo daidai ba. Barci a zaune, magana a ja. Yayyensa suka ɗauke ƙafa, kawunsa ya ce ɗan ƙwaya ne. Ita kaɗai ta rage a bayansa, don awon farko bai nuna komai ba, ita kuwa ta riƙe wannan ƙam.

"Wancan awon ba ya kama fentanil, Mama," in ji mai awon. "Wani magani ne mai mugun ƙarfi, ana cusa shi a cikin ƙwayoyi. Nasa tsinken daban ne."

Mai awon ta tsoma tsinken a fitsarin, ta kwantar, sai aka kira ta daga ciki.

Uwar ta leƙa. Jan layi ɗaya ya fito tar. Haba, ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurin wadda ta sha raka surukai awon ciki: biyu akwai, ɗaya babu. Nan take ta kira yayanta a waya.

"Yaya, layi ɗaya! Babu komai. Kun ɗauki alhakin yarona."

Tana kashe wayar mai awon ta dawo. Ta dubi tsinken, ta dubi fuskar da ke washe, ta ja kujera ta zauna.

"Mama, wannan ba irin na ciki ba ne. A nan layi biyu shi ne babu."

"To ɗaya fa?"

"Ɗaya akwai. Tantancewa ce dai, za mu aika babban ɗakin gwaji su tabbatar. Amma ki kawo shi yau, don Allah. Abin nan numfashi yake tsayarwa."

* * *

A gida ta tarar da Auta a kan kujera, kai ya langaɓe, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta girgiza shi, ya buɗe ido da ƙyar. Ita kaɗai ba za ta iya ɗaga shi ba, kuma kunya ta hana ta sake kiran yayanta.

Wayar ta yi ƙara. Yayanta ne, murya a sanyaye.

"Na gaya wa kowa. Mun zalunce shi, ki yafe mana. Ran Asabar duk za mu zo mu ba shi haƙuri."



"Allah ya kai mu," ta ce.

Ta ajiye wayar, ta durƙusa ta kara kunne a ƙirjinsa, tana jiran numfashi na gaba.