Layin da Gwaggo Ba Ta Karanta Ba

In ka tambayi ma'aikatan ɗakin yara a asibitin nan, za su ce maka Gwaggo mai shara ba ta da abokin faɗa. Masu gadi kan ce ko aljani aka kwantar a gado na huɗu, sai ta tambaye shi ya jiki. Shi ya sa duk ranar da wani uba ya ƙi magani, ya ce a sallamar masa ɗansa, ita ake kira ta zama shaida. Ta jingine tsintsiya, ta dangwala yatsa a takarda, ta ce, "Kowa da abin da ya yarda da shi. Ni wace ce da zan shiga tsakanin mutum da Ubangijinsa?" Shekara goma sha ɗaya tana haka. Bara ta shiga ajin manya, yanzu da biro take sa hannu, kuma komai ta gani a rubuce sai ta karanta, har kwalin safar hannu.

Wata Talata da hantsi aka kira ta. Wani tela ne ya kawo 'yarsa mai shekara shida, tafin hannunta fari fat, numfashi sama-sama. Likita ya ce in ba a ƙara mata jini yau ba, ba ya alkawarin gobe. Telan ya ce jama'ar da yake ibada da su ba sa karɓar jinin wani, mai warkarwa ɗaya ne. Bai ɗaga murya ba, har godiya ya yi wa likita. Idanunsa ne dai suka yi ja.

Gwaggo ta gane shi. Shekara uku da suka wuce ita ta dangwala masa yatsa, ya ɗauki ɗansa namiji ya tafi. Kwana biyu bayan nan ta ji an binne yaron. Ta ce wa zuciyarta kwana ne ya ƙare, ta ci gaba da goge-gogenta.

Nas ta miƙa mata takardar shaida, ta farko tun da ta iya karatu. Gwaggo ta ciro tabarau, ta ɗora yatsa a layin farko.

"Gwaggo, shaida za ki yi, ba jarrabawa ba," in ji nas.

"Bar ni, 'yar nan. Da tsufana na sami karatun nan, sai na more."

Ta bi kalmomin ɗaya-ɗaya, leɓenta na motsi. A layi na uku ta tsaya, ta sake karantawa a fili: "Na shaida cewa an bayyana wa uba da uwa haɗarin, kuma dukansu biyu sun yarda."

Ta ɗago. Uwar yarinyar na zaune a gefen gado, ta riƙe ƙafar 'yar, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Haka ta zauna wancan karon ma. Gwaggo ta yi ta lalube a ranta ko ta taɓa jin muryar matar nan, ba ta samu ba.

"Dama haka aka rubuta tun da?"

"Tun kafin in zo," in ji nas.

Telan ya ce, "Gwaggo, na san ki da mutunta imanin kowa."

"Har yanzu, ɗana. Naka na ji shi. Nata ne ban ji ba, ga shi takarda ta ce in shaida na ji." Ta dubi gadon. "Wannan kuma ba ta kai ta zaɓa ba. Imanin naka ne, jikin nata ne."

"Abin da na faɗa shi matata za ta faɗa."

"To ta faɗa, in sa hannu."

Matar ta daɗe tana murza ɗan yatsan ƙafar 'yarta.

"A ƙara mata," ta ce.

"Kin san abin da za a ce mana a taron ibada?" in ji telan.

"Na sani. Na zauna da su lokacin da muka binne yayanta. Sun yaba mana ƙwarai. Da suka watse ni na naɗe kayansa." Ta dubi likita. "A ƙara mata."

Likita ya ce izinin uwa ya isa, nas ta fita da sauri. Telan ya juya zuwa baranda. Bai tafi ba. Ta taga Gwaggo ta hango shi a kan benci, ya kifa kai a gwiwa.

Da aka rataya ledar jinin, Gwaggo ta ɗauki tsintsiyarta, ta kai bakin ƙofa, ta dawo. Ta durƙusa kusa da matar, gwiwoyinta na ƙara.

"'Yata, wancan karon ni na dangwala cewa kin yarda. Ban iya karatu ba a lokacin, amma ina da baki, da na tambaye ki. Ki yafe mini."