Wuyan Dinya da Faranti

A wajenmu, nan arewacin Texas, ba a tambayar mutum sana'arsa, bayan a-kori-kurarsa ake leƙawa. In an ga dunƙulen ƙarfe kamar lemo a tsakiyar bodin, to mai shanu ne, don a kansa tirelar dabbobi ke sauke dogon wuyanta, wanda muke kira wuyan dinya. In kuwa ƙaton faranti mai tsaga aka gani, wanda 'yan birni ke ce wa taya ta biyar alhali ko iska ba a hura masa, to mutumin ya gama yayinsa. Gida mai taya yake ja, yana bin ɗumin rana daga jiha zuwa jiha.

Babu wanda ya kai Orval Tackett iya wannan ba'a. Ranar da wani abokinsa ya zo wurin shan kofi da sabon faranti a mota, Orval ya cire malafa ya dafe ƙirji, ya ce, "Af! Ashe ka rasu ba a gaya mana ba?" Aka yi ta dariya har da buga tebur. Da ya san ana cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, da ya rage baki. Amma Orval ba mai jin magana ba ne, kuma ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba.

Sai fari ya zo ya zauna kamar baƙon da bai san ranar tafiya ba. Ciyawa ta ƙone, tafkuna suka tsage. Orval ya riƙa kai shanunsa kasuwa kashi-kashi, har garken ya koma iyaye mata 'yan kaɗan, jinin shanun mahaifinsa. Jagorarsu wata jar saniya ce mai karyayyen ƙaho, Pearl. Da ta ji hon ɗin motarsa za ta ɗago kai ta taho, sauran su biyo ta, don sun san hon na nufin abinci. Waɗannan kam ya rantse ba zai sayar ba. In sun ƙare, sunan Tackett ya ƙare a wannan ƙasa.

Ga kuma matarsa Nadine. An yi mata aiki a baya bai yi kyau ba, huhunta kuma ya gaji da ƙura. Likitocinta suna Amarillo, inda 'yarsu take, kuma 'yar tana da fili a bayan gida. Shi ne suka sayi wani tsohon gida mai taya don su koma can da zama, aka kawo musu shi aka ajiye a gindin rumbun ciyawa, kusa da tirelar shanu. Kullum Orval ya fito sai ya ga su biyun a jere.

Ya tafi garejin Ruben Salcido, mai walda.

"Ruben, yi mini dabara. So nake dunƙulen nan nawa ya ja duka biyun."

Ruben ya goge hannu a wando. "Akwai wani ƙarfen haɗi da ake sayarwa, Mista Orval, amma ni ba na ɗaura shi. Tsage ƙashin gidan yake yi. Kuma kowane rami ka faɗa, a bayan Misis Nadine zai sauka."

"To faranti fa?"

"Faranti? Ka ɗora kofi a gaban mota ka tafi har Amarillo, ko ɗigo ba zai zube ba."

"In na tashi ɗaukar shanu?"

"Sai a kwance ƙusoshi, ƙarti biyu su ɗaga shi. Da kafaɗar nan taka da ko sirdi ba ta ɗagawa? Haba tsoho. Taura biyu ba sa taunuwa."

"Kai dai ka ce in mutu kawai."

"Ai kai ka ƙirƙiro zancen," in ji Ruben yana dariya. Da ya ga Orval bai yi ba, sai ya daina.

Da yamma, suna cin wake da gasasshen nama, Nadine ta ajiye cokali. Baba take ce masa, shi kuma ya ce mata Mama, tun haihuwar 'yarsu. "Baba, bar shi. In zama kake so, mu zauna. Na saba da ciwon."

"Ci abincinki, Mama."

"Na san ka. Ran da aka rufe dunƙulen nan, ba za ka ƙara shiga wurin shan kofi ba."

"Kofinsu ma ba daɗi."

Ƙarya yake yi, ita ma ta sani. Amma yana son matar nan fiye da yadda ya taɓa iya faɗa, kuma ya ga yadda take cije leɓe duk lokacin da mota ta yi tsalle. Washegari ya kai motar. Ruben ya juya dunƙulen ya kife shi a raminsa, ya shimfiɗa dogayen ƙarafa biyu, ya ɗaure farantin a kai tam. Suka yi magana a kan ranar Asabar Ruben zai zo da tasa motar ya kwashi shanun zuwa wata makiyaya a gabas inda har yanzu akwai ciyawa. Orval ya koma gida ta bayan gari don kada kowa ya leƙa.

Ba a kai Asabar ɗin ba. Ran Alhamis da safe ya zaga da Nadine cikin motar ta gwada zama, har ta manta kofinta a gaba. Kafin rana ta take, iska ta taso daga yamma, irin ta watan Maris mai fizge ƙofa daga hannu. Sararin sama ya yi ruwan ƙasa. Duk wanda aka haifa a nan ya san bambancin ƙura da hayaƙi. Gobarar daji ce, kuma a busasshiyar ciyawa da irin wannan iska, ta fi doki gudu.

Ya kira Ruben. Ruben na cikin 'yan sa-kai masu kashe gobara, muryarsa da kyar take fita. "An rufe hanyar wajenku, Mista Orval! Ba zan iya zuwa ba! Ku fita ta kudu, yanzu-yanzu!"

Orval ya sa Nadine a mota da jiƙaƙƙen tawul a hanci. Ya shiga, ya sa giyar baya. Tun yana saurayi yake wannan baya-baya, ko madubi ba ya dubawa, hannunsa ya san hanya. Tashi ɗaya ya tsaya daidai ƙarƙashin wuyan tirelar shanu. Ya diro, ya kama mariƙin jak ɗin tirelar yana murzawa, wuyan na saukowa, yana lissafin yadda zai kora su Pearl ciki.

Ƙwal! Ƙarfe ya bugi ƙarfe.

Ya tsaya yana kallon wuyan dinya zaune a kan faranti, ba abin da ya kama. Wallahi ya manta. Kansa ya sani, hannunsa ne ba a gaya wa ba.

Ya ɗaga wuyan, ya haye bodin da sifana. Ƙusa ɗaya ta kwance, ta biyu ta ƙi. Ya sa kafaɗa ya tura, wani abu ya tsinke masa a kafaɗar, farantin ko gezau. Toka ta fara sauka a kan malafarsa. Daga cikin mota ya ji tarin Nadine, irin wanda ba ya tsayawa.

"Baba!" Ta buga gilashi. "Baba, don Allah!"

Ya mayar da ƙusar. Ya ja motar gaba, ya koma da baya wajen gidan mai taya, inda magungunanta da tukunyar iskar numfashinta suke. Farantin ya cafke ƙusar haɗin da ke ƙasan goshin gidan da ƙara ɗaya mai tsabta, kamar dama jira yake.

Dabara ɗaya ta rage masa. Ya buɗe ƙofar shinge ya bar ta a wangale, ya hau hanyar kudu a hankali yana danna hon. Pearl ta ɗago kai. Ta taho, sauran suka biyo ta a jere, da yawansu cikinsu ya tsufa, suna ta sassarfa a bayan gidan mai taya. Sun ɗauka abinci ne.

"Ku zo, 'yan mata," yake cewa. "Ku zo mana. Yauwa Pearl."

Na ɗan lokaci ya yi zaton za a yi nasara. Sai wutar ta tsallako tudun da ke bayan rumbu, rumbun ya kama gaba ɗaya. Hayaƙi ya rufe hanya. Nadine ta daina tari, ta koma wani irin jan numfashi mai fito, kanta ya jingina da gilashi. Ya dubi madubi, ya dube ta. Shanu ba sa iya gudun da ake bukata, ya fi kowa sani.

Ya taka mai.

Abin da ya fi ci mini rai, hannunsa bai bar hon ɗin ba. Yana gudu yana kiransu. A madubi ya ga Pearl ta ƙara sauri, karyayyen ƙahon na sama da ƙasa, ta yarda da shi kamar kullum. Ta ƙanƙance, ta zama ja-ja a cikin hayaƙi, sannan babu ita.

Sai da suka hau kwalta, iska ta yi haske, Nadine ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta sa hannu ta ɗauke nasa daga kan hon.

"Sun biyo mu?"

Idonsa na kan kofin da ta manta a gaba tun safe. Sun bi ramuka, sun tsallake kwalbati da gudu, sun sha kwana da gida guda a bayansu. Ruben bai yi ƙarya ba. Ko ɗigo bai zube ba.