Akwai Sauka a Ɗantutture

Wai ɗan fashi ya sace jirgin sama! Kai, mutane da ƙarin gishiri. Ni Azumi 'yar Dutsin-Ma ina cikin jirgin nan daga Legas zuwa Katsina, kuma ɗan fashin kusa da ni ya zauna. Bel ɗin kujera ma ni na ɗaura mashi.

Malam Mamuda ne, wani dattijo ɗan Ɗantutture ta ƙasar Kurfi, yana gadi a Legas. Da safe aka bugo mashi waya cewa matarshi Inno ta rasu, jana'iza bayan azahar. Maigidanshi ya tausaya ya sa shi a jirgi, abin da bai taɓa shiga ba.

Muna tafe yana leƙen taga. Yana hango ruwan madatsar Zobe sai ya miƙe ya bubbuga rufi. "Direba, akwai sauka! Gaba kaɗan, wajen Kurfi."

Ma'aikaciyar jirgi ta rugo. "Baba, ai sai Katsina."

"Katsina? Ɗiyata, kafin in samo mota in dawo an rufe ta. Ku gangara gefe in dira."

Ta ce ba a yi. Sai ya zaro ƙullin yaji daga aljihu. "Wallahi ko a tsaya ko in kwance!"

Wani mai kwat ya tuntsire da dariya. Malam ya sassauta bakin ƙullin, iskar jirgi ta ɗauka. Jama'a! Tun da uwata ta haife ni ban shaƙi yaji irin wannan ba. Wani Alhaji ya yi atishawa har hularshi ta koma kujerar baya. Aka yi ihu, "Fashi!" Wata Hajiya ta miƙo awarwaronta, Malam ya ce ta riƙe kayanta. Wani marar kunya kuma ya ce in dai za a tsaya, shi a garin Shema zai sauka.

Matuƙin ya yi magana ta lasifika, shi ma yana tari. Ya ce babu filin sauka, amma zai yi ƙasa-ƙasa ya zagaya garin su Malam.

Jirgi ya karkata. Can bayan gari muka hango mutane sun yi sahu, ƙanana kamar tururuwa.

"Su ne," in ji Malam. "Ga tsamiyarmu nan."

Ya tsaya tsakanin kujeru ya yi kabbarar sallar gawa. Maza suka jeru bayanshi, har mai kwat ɗin, ana kabbara ana atishawa. Ni kam kuka na yi, kuma ba na yaji ba ne. Tsohon ya ba ni tausayi.

A Katsina jami'an tsaro suka cika fili da bindigogi. Malam ya miƙa masu hannuwa, ko musu bai yi ba. Sai da wani ya ɗauki ƙullin da safar hannu, wai shaida ce, sannan Malam ya roƙe shi.

"Yaro, ni ku kai ni duk inda kuka ga dama. Yajin dai ku bar mani. Inno ta daka shi, kuma ba za ta sake daka wani ba."