Fuskar Kausar a Jikin Kwalba

"Mama, wa ya saka ni a jikin kwalba?"

Muna cikin kasuwar Marché Congo Kausar ta ja mayafina tana nuna wani tebur. Na duba. Hoton 'yata ne, da shukun da na yi mata, a jikin kwalbar man bilicin, har an ƙara mata hasken fata.

Kitso nake yi a gida a unguwar New Bell. Nakan ɗora bidiyon koyarwa kyauta a intanet, a kan Kausar nake nunawa. Mata da yawa sun koya, wasu har gida suka biyo ni kitso.

Na ce wa mai teburin, "Malam, wa ya ba ku hoton 'yata?"

"Hajiya, c'est gratuit, kyauta ne, a waya kowa ke ɗauka. Ni saro kayan kawai na yi."

Tun a kan babur, a hanyar gida, na goge bidiyoyin. Amma kwalaben suna nan, ban san iya inda suka kai ba. Har yau in na shiga kasuwa, teburan mutane nake leƙe.

'Yar'uwa, ki koyar da sana'arki kyauta in kina so, amma kada ki kuskura ki haɗa da fuskar 'yarki.