Maganar Ƙasan Tebur

Aikin tafintan kurame yana da doka guda da ta fi sauran tsauri: abin da hannu ya faɗa, baki ya fitar da shi yadda yake. Ba ragi, ba ƙari. In ɗalibi ya ce "ni", kai ma "ni" za ka ce. Abdourahamane ya daɗe yana wannan aiki a makarantun Paris har abin ya zame masa jiki. Yayarsa kurma ce, tun a Maraɗi da hannu yake hira da ita. Da ya zo Faransa ya koyi maganar hannu irin tasu, ya kama ɗaki a Montreuil, ya zauna.

Akwai wata doka kuma. Ba a yin dogon aiki mutum ɗaya. Biyu ake zuwa ana karɓar juna, don kai yana ɗaukar zafi, in kuwa ya ɗauka sai baki ya riƙa tafiya shi kaɗai, hankali na can baya. To ranar Talatar nan abokiyar aikinsa ba ta zo ba, ɗanta ba lafiya. Tun safe shi kaɗai yake ta fama a wata makarantar koyon sana'a a Bobigny. Ya tashi tafiya ke nan aka ce ya tsaya, shugabar makarantar tana neman sa a biro, wato ofishinta.

Maganar Hamdiya ce, 'yar Damagaram da ke koyon ƙera haƙoran roba. Budurwa ce mai hannu, malamai na yabon ta, amma ta fara fashin aji, in ta zo kuma sai barci. An kira kawunta, Alhaji Muntaka, mai mangaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, a Sevran, wanda ya kawo ta ƙasar.

Alhaji mutum ne mai sanyin murya. Ya riƙe hannun Abdourahamane ya daɗe bai saki ba, ya tambayi gida, ya tambayi aiki da sanyi.

"Malam Abdu, ai na san mahaifinka. Ba shi ne mai shagon taya a bakin tasha ba? Yana nan da ƙarfinsa?"

"Yana nan, Alhaji."

"Madalla. Ashe ɗan gida ne."

Aka zauna. Abdourahamane yana gefen shugabar, Hamdiya tana fuskantar sa. Alhaji ya yi bayani da Faransancinsa na kasuwa: yarinya ta gaji, lekol, wato makaranta, ta yi mata nauyi, gara ta huta a gida tukuna. Abdourahamane ya juya maganar da hannu.

Kurame ma suna raɗa. Sai su sauke hannu ƙasa, su ƙanƙance alama, su kare da jiki. Haka Hamdiya ta yi. Ta sauke hannayenta ƙasan tebur inda shi kaɗai ke hange, yatsunta suka yi ta gudu. Shi kuma idonsa ya gani, bakinsa ya bi, da Faransanci garau:

"Ƙarya yake. Kulle ni yake a mangaza ina ɗaure kaya har hannuna ya kumbura. In ya cire ni daga nan ba mai sake gani na. Ranar Juma'a zan gudu Lyon, wurin ƙawata Rékia. Kada ka fa..."

Nan bakin ya tsaya, amma ya riga ya gama ɓarna.

Hamdiya ba ta ji komai ba. Fuskar shugabar ta gani ta canza. Ta dubi leɓen Abdourahamane, ta dubi kawunta. Alhaji murmushi yake, yana gyara hannun rigarsa.

Shugabar ta ce a tambaye ta ko gaskiya ne, ko tana son a kira hukuma yanzu-yanzu. Hamdiya ta ɗago hannu saman tebur, ta yi alama manya-manya, idonta a kan kawunta. Dole Abdourahamane ya faɗa da bakinsa:

"Ban ce komai ba. Tafinta ne ya ƙirƙira."

Ba yarinya ba ce ƙarama da za a riƙe ta dole. Shugabar ta ce za ta bi maganar, aka tashi. A bakin ƙofa Alhaji ya dafa kafaɗarsa.

"Allah ya yi albarka, Malam Abdu. Aikinka ka yi. Da ba kai ba, da yaya zan san damuwarta? Lyon kuwa ai gida ne. Akwai mutanenmu."

Ranar Laraba kujerarta a aji ba kowa. Abdourahamane ya aika mata saƙo, ba amsa. Ya gaya wa shugabar, ta ce ta rubuta wa waɗanda ya kamata, sai a jira. Bai iya jira ba. Alhamis da safe ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon.

Ya san Rékia. Kurma ce ita ma, ya taɓa yi mata tafinta kafin ta samu aiki a wani gidan burodi a can. Wane gidan burodi, bai sani ba. Abin da yake so kawai ya riga Alhaji isa, ya ce mata kada ta bar Hamdiya ta sauka wurinta. Ya sauka ya nufi Guillotière, unguwar da shagunan baƙi suke. Ya yi ta leƙe har ya ji Hausa tana fitowa daga wani shagon atamfa da turare. Ya yi sallama, ya tambayi ko sun san wata kurma mai aikin burodi.

Mai shagon, wani dogo da ya ce sunansa Hassoumi, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne tafintan?"

Hassoumi ya jawo masa kujera.

"Alhaji ya ce ƙila ka biyo. Zauna mana, ga shayi."

"Alhaji yana garin nan?"

"Tun jiya. 'Yar tasa ta sulale da aka buɗe mangaza za a loda kaya. Yaran zamani ke nan. Amma an nuna masa gidan burodin, sun fita da mota ba da daɗewa ba. Suga nawa kake sha?"

Ya fito bai yi sallama ba. Rana tsaka, titi cike da mutane, shi kuma bai san gabas ko yamma zai yi ba. Sai waya ta girgiza a aljihunsa. Kiran bidiyo ne. Hamdiya.

Ta jingina wayar a kan wani abu don hannayenta biyu su samu sake. Tana zaune a benci, jakarta a cinya, bayanta titi ne da ƙofar gidan burodi. Idonta ya kumbura amma fuskarta a ɗaure take.

"Na iso," in ji hannunta. "Ban jira Juma'a ba, saboda kai. Rékia ta kusa tashi aiki. Na kira ne in gaya maka abu ɗaya. Kai kaɗai na yarda da shi a ƙasar nan."

Hannunsa ɗaya na riƙe da waya, ɗayan ya ɗaga zai ce ta tashi daga wurin. Ta ɗaga tafi ta tsayar da shi.

"Ban gama ba. Kada ka sake zuwa ajina. Ba na son sake ganin hannunka."

A bayanta wata farar motar kaya ta tsaya a gefen titi. Ƙofa ta buɗe. Alhaji Muntaka ya sauko, kwat ruwan toka a kan doguwar riga, maza biyu na bin sa. Ba sauri yake ba.

Abdourahamane ya yi alamar: bayanki, tashi. Ya sake yi. Amma Hamdiya ta riga ta yi abin da kurma ke yi in ya gama da mutum. Ta rufe idonta gam, ta naɗe hannu a ƙirji.

Ya kaɗa hannu a gaban wayar. Ya girgiza ta. Har sunanta ya kira da ƙarfi a tsakiyar titi, shi da ya fi kowa sanin ba amfani. Masu wucewa suka riƙa kauce masa.

Alhaji ya iso bayan bencin ya tsaya. Ya sunkuyo ta saman kafaɗarta, ya leƙa cikin wayar, ya gane shi.

"Malam Abdu," in ji shi a hankali. "Ka iso lafiya?"

Har lokacin idon Hamdiya a rufe yake. Alhaji ya miƙo yatsa, hoton ya ɗauke.