Akwatin da Ya Ƙi Shiga Ɗaki

Akwatin ya ƙi shiga. Jika kafinta ya kama ta sama, Robert ya tallabo ta ƙasa, suka tura har katakon ƙofa ya yi ƙara, amma a banza. Suka kwantar da shi, suka karkata shi, faɗinsa dai ya fi ƙofar. Daga cikin ɗakin, inda yake jingine da tarin filo, Obiajulu ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa Nneamaka tana bubbuga masa baya tana yi masa faɗa da yaren Ibo.

"Malam Jika, ka auna komai amma ba ka auna ƙofa ba," in ji shi da numfashi ya dawo masa.

Jika ya share gumi da hularsa, ya ce shi awon da aka ba shi ya bi, kuma mai awon yana kwance a gado yana dariya.

Gidan haya ne a unguwar Kwararafa cikin Jos, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Bango kawai ya raba ɗakin Jika da na Obiajulu. A Jos aka haifi Obiajulu, aikin kuza ya kawo mahaifinsa, don haka Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Tun yana saurayi yake kaɗa jitar bes a otal-otal da gidajen rawa, wato babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba ta rera waƙa sai gurnani a ƙarƙashin sauran kayan kiɗa. Rikici ya kore shi Gabas, bayan yaƙin basasa ya dawo da mata da jitar, ya buɗe shagon gyaran rediyo. Da farko Jika ba ya son maƙwabtakar, don shi ba mutumin kiɗa ba ne, kuma gurnanin yana ratsa bango. Amma a hankali ya saba, har ya kai in ya kwana biyu bai ji ba sai ya leƙa ya tambaya ko lafiya.

A daminar 1978 ƙafafun Obiajulu suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ya ba shi magani ya ce ya koma gida ya huta. Kowa ya gane abin da ake nufi, har shi. Washegarin dawowarsa ya aika aka kira Jika, ya sa aka jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, naɗe da tsohon bargo. Ƙatuwar lasifika ce, faɗinta ya kai na faranti babba, ya saye ta tuntuni lokacin da wani gidan silima ya rufe. Ya ce duk rayuwarsa da ƙananan akwatunan aro ya yi kiɗa, waɗanda in ya taɓa tsirkiya mafi kauri sai su yi ta tari kamar akuya. Yana so, kafin ya tafi, ya ji muryar jitarsa ta gaskiya.

Jika ya ture aikin kujerun da ke gabansa ya kama haɗa wa lasifikar babban akwati. Ya ƙi falankin filawud marar nauyi, ya nemo maɗaci mai nauyi, ya haɗa shi da gam da kusoshi masu murɗi. Obiajulu ya ce a lulluɓe cikin da auduga don kada sautin ya yi ta yawo, sai Safara'u matar Jika ta farke tsohuwar katifarta ta ba su. A gaban akwatin Jika ya huda rami daidai yadda mara lafiyar ya kwatanta masa da hannu.

Shi kuwa Robert ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a Rayfield, yana da Fijo fara. Shi ma bes yake kaɗawa, a coci ran Lahadi, kuma tun da suka san juna da Obiajulu ba su taɓa yarda da juna a kan sauti ba. Robert yana son sabuwar tsirkiya mai ƙyalli, yana bugawa da ɗan roba don sautin ya fito tas kamar ƙararrawa. Obiajulu kuwa bai taɓa canza tsirkiyarsa ba tun dawowarsa daga Gabas, da yatsa yake ja, har yana cusa guntun soso a gindin tsirkiyoyin don ya kashe musu kaifi. Duk Asabar sai Robert ya zo sun yi wannan gardama, su sha shayi, su rabu kowa yana kan bakansa.

To yau ga akwati a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Robert ya kawo shawarar a cire katakon ƙofar, Jika ya ce mai gidan ba zai yafe musu ba. Nneamaka ce ta warware zancen.

"Akwati ba ya shiga, mutum zai fito," ta ce. "Ku kawo kujera."

Suka ɗauko shi a kujerar katako, shi da suwaita da bargo, suka ajiye shi a tsakar gida inda rana ta ɗan leƙo bayan ruwan safe. Aka jawo wayar wuta ta taga, aka haɗa amfilifaya, injin ƙara sautin da Obiajulu ya harhaɗa da hannunsa daga tsofaffin kayan rediyo. An kira sallar la'asar a daidai lokacin, sai Obiajulu ya ce a dakata, ai kwalaben cikin injin ma suna bukatar su yi zafi. Da Jika ya dawo daga masallaci ya tarar sun yi ja kamar garwashi, jitar tana kan cinyar mai ita.

Robert ya fito da wani ɗan ƙunshi daga aljihu, sabbin tsirkiyoyi da ya sa aka kawo masa daga Legas. Obiajulu ya karɓa, ya juya su, ya yi godiya sosai, sannan ya miƙa wa matarsa ya ce ta adana, za su yi kyau wajen shanya kaya.

Ya ɗora babban yatsa a kan tsirkiya mafi kauri ya ja. Sautin ya fito mai zurfi, amma tare da shi wata ƙara marar daɗi ta biyo, kamar ana kaɗa gwangwani. Ya sake ja, ƙarar ta sake biyowa. Jika ya durƙusa yana latsa kowace kusurwa, yana ƙara murɗa kusoshi, yana kanga kunne a jikin katakon. Robert ya ce ai ga abin da yake faɗa, tsirkiya ce ta ruɓe. Obiajulu kallon akwatin kawai yake yi, kuma kallon nasa ya fi damun Jika fiye da ƙarar. Ya san mutumin nan ba shi da lokacin jiran a sake wani.

Sai ga Safara'u ta ɗaga labule ta fito da murfin kwano a hannu, ta ce su yi wa Allah su matsar da abin nan daga jikin bangonta, duk jeren kwanukanta suna rawa a kabad, har murfi ɗaya ya faɗo.

Sai dariya ta ɓarke. Jika ya zauna daɓas a ƙasa yana hamdala. Suka ja akwatin zuwa tsakiyar fili, kusa da famfo, Obiajulu ya sake jan tsirkiyar.

Wannan karon Jika bai fara jin sautin da kunne ba, a tafin ƙafa ya ji shi, ya hau ta gwiwa ya zauna masa a ciki. Ruwan da ke cikin bokiti ya yi ta zobe. Babu tari, babu ƙara, sai wata murya mai kauri da laushi da ta cika gidan ta fita zaure. Obiajulu ya rufe ido ya bar ta ta mutu da kanta kafin ya buɗe.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Malam Jika, ita ce wannan."

Ya fara wani tsohon kiɗan rawa, a hankali, don yatsunsa sun yi nauyi. Nneamaka ta gyara ɗaurin zani ta shiga fili tana juyi da kafaɗa. Masu shagunan layin suka leƙo, mai wanki ya shigo da dutsen guga a hannu ya manta da shi. Safara'u tana tsaye a bakin ƙofarta, wai kallo kawai take yi, amma Jika ya ga ƙafarta tana bin kiɗan.

Da Obiajulu ya gaji sai ya miƙa wa Robert jitar, ya sa aka juya kujerarsa har bayansa ya jingina da akwatin. Robert ya zaro ɗan robarsa, Obiajulu ya miƙa hannu ya karɓe ya jefa a aljihun suwaita. Dole Robert ya ja da yatsa. Ya yi kiɗa mai tsawo kansa a sunkuye, da ya gama ya ce to, ba laifi, amma fa akwatin ne ya rufa wa tsirkiyar asiri. Obiajulu ya ce ya yarda, in dai an yaba wa kafinta.

Daga ranar akwatin ya zauna a tsakar gida, ana rufe shi da tamfol in hadari ya taso. Labari ya bazu cikin makaɗan gari, suka riƙa zuwa da yamma, wani daga Dutse Uku, wani daga barikin soja, kowa da jitarsa a kafaɗa yana son ya ji yadda za ta yi magana a akwatin maɗaci. Su yi ta musu a kan katako da soso da yatsa, Obiajulu yana jingine yana yanke hukunci, ba wanda ya taɓa gamsuwa da hukuncinsa. Jika, wanda bai san sunan tsirkiya ko ɗaya ba, ya wayi gari ana neman ra'ayinsa, yana kuma bayarwa. A ɗaya daga cikin waɗannan yammacin Obiajulu ya ce wa Robert ya bar masa jitar bayan ransa, da sharaɗin kada ya canza mata komai. Robert ya gyaɗa kai.

Da hantsi Obiajulu ya rasu, wata Talata. Ya ce yana sha'awar ƙosai mai zafi, Nneamaka ta fita bakin titi ta sayo, ta dawo ta same shi a kujerarsa cikin rana, kansa ya ɗan karkata kamar mai sauraron wani abu. Ba ta yi ihu ba. Ta je shagon Jika ta tsaya a bakin ƙofa da ƙunshin ƙosan a hannu.

"Baban Maimunatu, abokinka ya tafi," ta ce.

Jika ya ajiye zarto ya yi salati, ya bi ta.

Mutanen cocinsu da 'yan garinsu suka cika gidan, aka yi waƙoƙi, makaɗan suka zo kowa ya yi nasa. Da za a kai gawar Gabas, Jika yana cikin waɗanda suka ɗora ta a mota. Ya tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana, hannun Nneamaka yana ɗagowa ta taga.

Yana komawa ciki yayyafi ya fara sauka a kan kwanon rufi. Safara'u ta fito da sauri tana kwashe shanya, nata da na maƙwabciyarta da ta manta a igiya. A cikinsu akwai farar rigar Obiajulu ta zuwa coci. Ta karkaɗe ta, ta ninke hannuwanta a kan ƙirji, ta shiga da ita ɗaki.