Ranar da Hatimai Suka Zubo

Shekara talatin da ɗaya mabuɗin hasumiyar cocin Turnisel yana rataye a wuyan Ilarie, ba a taɓa kuka da shi ba. A ƙauyen, kowane gida idan ya yanka aladensa a watan Disamba, sai ya cika ɓarin kitsen da gishiri, ya kyafe, ya kai hasumiya ya rataye. Wannan kyafaffen kitse shi suke kira slanina. Duk Asabar da safe Ilarie zai buga ƙararrawa ya buɗe ƙofa, mata su hau da wuƙaƙensu, kowace ta yanki slaninar mako guda daga ƙasa, ta danna hatimin gidanta a fuskar yankan. Wadda ta dawo ta tarar babu hatimi, an yi mata sata ke nan, kuma a gaban jama'a za a cire wa mai mabuɗi mabuɗinsa.

Hunturun bana abubuwa biyu suka haɗar masa kai. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya girgiza kai, ya ce shi da kitse har abada. Matarsa Saveta ta riƙe maganar gam, ta koma dafa masa kabeji safe da yamma, hatimin gidansu kuwa ta jefa shi aljihun rigarta. Ana cikin haka sai mutanen birni suka haukace. Slaninar da a da suke toshe wa hanci suna cewa abincin 'yan ƙauye ce, yanzu ita ce a askirim, ita ce a cakulan, har kyandir da sabulu mai ƙanshinta ake sayarwa. Duk tashar da Ilarie ya murɗa a talabijin, sai ya ci karo da wani mai gemu yana soya ta yana lumshe ido.

"Duniya duk tana ci, ni kaɗai aka hana," ya ce da Saveta.

"Duniya ba ta faɗi a gonar dankali ba. Kai ka faɗi. Ci kabejinka, tsoho."

Ga shi kullum da tsakar rana sai ya hau hasumiyar ya buɗe tagogi don iska ta ratsa. Ɓari arba'in da biyu suna lilo a saman kansa, ƙanshin hayaƙi da tafarnuwa na shigar masa har ƙwaƙwalwa. Ya daure mako uku. A na huɗu dabara ta zo masa. Ya sa wuƙarsa ya feɗe fuskar hatimin siririya kamar takarda, ya yanki kaurin yatsa daga bayanta, ya murza wurin da babban yatsa har ya yi ɗumi, sannan ya mayar da fuskar ya manna. Sanyi ya yi sauran aikin.

Da na Saveta ya fara, yana cewa ai mutum ba ya yi wa kansa sata. Da ya ga nata zai ƙare, sai ya zagaya maƙwabta, har da na Fada, limamin cocin. Mata suka fara ƙorafin cewa slaninar bana tana motsewa. Ilarie ya ce iskar bana ce mai bushewa, shi ma ya lura.

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, Pamfil, maƙwabcinsa da ya shekara goma yana haƙon mabuɗin, wanda kuma ba ya zama a mashaya bai yi cika baki da aladensa ba.

"Yaya Ilarie, kabejin nan na karɓarka," ya ce wata rana. "Dubi yadda gashin bakinka ke sheƙi."

"Tsoron Allah ne, maƙwabci. Gwada ka gani."

Sai ga wani Tiberiu daga birni, mai gidan abinci da ke sayar da askirim ɗin slanina. Ya ji labarin hasumiyar, ya zo da 'yan talabijin ranar Asabar don su ɗauki al'adar, ya kuma zaɓi gidajen da zai riƙa saya a wurinsu. Ƙauye ya yi ado. Ilarie ya sa jar rigarsa ta biki, ya buga ƙararrawa, aka hau.

Cikin hasumiyar akwai duhu, don haka mai kyamara ya kafa manyan fitilu huɗu ya haska rufin. Tiberiu ya tsaya a tsakiya yana ta zuba, cewa wannan ba kitse ba ne, tarihi ne, ruhin duwatsu ne. Ya yi kuskure, aka sake. Ya sake yi, aka kuma sakewa. Wuri ya ɗauki zafi, mata suka fara kwance kallabi. Ilarie ya ɗaga kai ya ga ɗigon mai yana taruwa a gefen hatimin gida mai lamba bakwai.

"Yallaɓai, a kashe fitilun nan," ya ce. "Zafi na ɓata..."

Talap! Fuskar hatimin ta sauka a kafaɗar Tiberiu. Talap! Ta biyu a takalmin Fada. Daga nan suka shiga zubowa ta ko'ina, kowace da lambar gidanta ɓaro-ɓaro, kyamara na ɗauka. Saveta ta sunkuya ta ɗauki tata, ta juya ta, ta dubi mijinta. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"Na faɗa muku!" Pamfil ya yi tsalle. "Ɓarawo! Fada, a cire mabuɗin nan yanzu a ba mai amana!"

Fada ya goge takalminsa a jikin dakali, ya miƙa hannu. Ilarie ya zare igiyar daga wuyansa. Pamfil ya matso yana gyara kwalar riga.

Sai tsohuwa Floarea, wadda ta fi kowa shekaru da kaifin baki, ta nuna rufi da sandarta.

"Pamfil, ɗana, naka fa bai faɗo ba."

Kowa ya ɗaga kai. Ɓari arba'in da ɗaya tsirara, ɗaya tal da hatiminsa daram. Tiberiu ya juya ga Ilarie, kyamara ta bi shi.

"Kawu, me ya sa ka bar wannan?"

Ilarie ya san mabuɗi ya riga ya tafi, ba abin da ya rage masa sai gaskiya.

"Na shinshina shi, yallaɓai. Sau biyu. Na koma gida na ci kabeji."

Dariya ta kusa tsaga hasumiyar. Nan take mata suka hau auna nasu da taƙi, wadda aka fi yi wa ɓarna tana taƙama. "Nawa sau biyar ya yanka!" "Ke, nawa ko rabi bai bari ba!" Tiberiu ya bi su da alƙalami yana rubuta lambobin gidaje, ya wuce Pamfil ko kallonsa bai yi ba.

"To mabuɗin fa?" in ji Pamfil.

"Wanda ko ɓarawo ya ƙi kitsensa ne zai tsare mana namu?" in ji Floarea. "A ba Saveta. Ita kaɗai yake tsoro."

Fada ya rataya wa Saveta igiyar.

An bar wa Ilarie ƙararrawa, don ita ba a cinta. Duk Asabar yana buga ta, sannan ya zauna a ƙasan matakala, mata na wuce shi da ƙunshinsu suna ce masa sannu, alƙalin kitse. Idan Saveta ta kulle ƙofa ta sauko, sai ta kama haɓarsa ta shinshina gashin bakinsa, sannan ta tasa shi gaba zuwa gida.